Gaba Talatin

Ya sani ne, ko bai sani ba? Da tambayar nan nake kwana, da ita nake tashi, yau shekara hamsin ko kusa da haka, kuma wanda zai amsa mini yana ƙarƙashin ƙasa a arewacin Ɗanzomo, cikin wata rijiya da yanzu ko alamarta babu. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Jikata ce ke riƙe da biro. Na ce mata in kuka ya zo mini kada ta jira ni, ta rubuta abin da kunnenta ya kama.

Muna da gona biyu a lokacin. Ɗaya a bayan gari, ɗaya can nesa, wajen iyaka, tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, tafiyar wuni guda da dabbobi. Duk bazara, in zafi ya kai zafi, sai mu tashi mu koma gonar nesa mu yi wata guda ko fiye. Mu kafa bukka, shanu su kwana a gonar su zuba mata taki, maigidana ya yi sassabe, ya ƙone, ya binne iri ya jira ruwa. A wurinsa aiki ne. A wurina hutu ne, don a gidanmu na gari mutum sha tara ake dafa wa, a daji kuwa mu huɗu ne kawai: ni, da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da 'yarmu ta fari wadda ba ta cika shekara uku ba. Tun ana sauran wata nake fara ƙirga kwanaki.

Shekarar da nake magana ita ce wadda aka canza kuɗi, aka bar fam aka koma naira. Damina ta yi gardama, ta baya ma ba ta yi kirki ba. Shanunmu tara, huɗu suka rage: saniya biyu, maraƙi, da takarkarin da ke ɗaukar mana kaya. Mutane na ta gangarowa daga arewa, daga tsallaken iyaka inda muke kira ƙasar Faransa, da yara a kafaɗa, ba dabba ko ɗaya a bayansu. In sun tsaya roƙon ruwa a ƙofar gida sai in kasa kallon idonsu. A karo na farko ban so tafiyar ba. Na faɗa masa, ya ce a gari babu ko kara da dabba za ta tauna, can kuwa akwai sauran ganyen aduwa da gawo, kuma tsohuwar rijiyar gonar ba ta taɓa ƙafewa ba tun zamanin kakansa.

Haɗa kaya a wurinsa ba wasa ba ne. Jaki ɗaya gare mu da takarkari ɗaya, Inna za ta hau jakin da yarinya, saboda haka komai sai ya shiga mangalar takarkari ko ya hau kaina. Sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in baje duk abin da nake so, shi kuma ya zagaya da sanda yana nunawa.

"Wannan me zai yi mana?"

"Fitila ce, Malam."

"Na ga fitila ce. Kananzir ɗin a wace rijiya za ki ɗebo?"

Sai fitila ta koma ɗaki. Turmi ya yarda da ƙarami, taɓarya ya ce a can zai sare mini. Tukunya ɗaya, ta tuwo ita ce ta miya, a juye a wanke. Gatari, fartanya, lauje, wuƙa. Ashana cikin gwangwani, da ƙyastu a aljihunsa ko da ashanar za ta ƙare. Gero, kuka, daddawa, kanwa, gishiri, barkono. Buta ɗaya. Salka kuwa kwana uku yake jiƙa ta, ya cika ta ya rataye, ya tsuguna a ƙarƙashinta yana jiran ɗigo, in ya ga wuri ya jiƙe ya ɗinke ya shafe da kitse.

Inna ta fito da kujerarta 'yar tsugunno, da matashi, da wani kwanon samira mai murfi da ba ta yarda kowa ya ci a ciki, ta ajiye a tsakiyar tabarmar.

Ya ce, "Inna, takarkari ne fa, ba jirgin ƙasan Nguru ba."

Ta ce, "In ya gaza ka ɗauka. Wata tara na ɗauke ka, ban ce kai ba kayan amfani ba ne."

Ya yi dariya ya wuce da sandarsa. Kayanta ba a taɓa mayar da ko ɗaya ba.

Saura igiya. Tsohuwar igiyar gugarmu ta ruɓe, ya haɗa kuɗi da yayansa, ɗan kishiyar Inna, suka sayo sabuwa ta rama, nannaɗe guda babba, a kan za su raba. Ran Alhamis, ana gobe tafiya, ya yi sammakon kasuwar Maigatari don ya sayar da tunkiya ya sayo dusa. Yana ɗaure takalmi ya ce da ni, "Yau gidan Yaya za su aiko karɓar tasu. Ki auna mana gaba talatin ki yanke, sauran ki ba su. Rijiyar ashirin da takwas ce, biyun na ɗauri ne."

Na ce to.

Ni daga Gagarawa aka kawo ni, kuma a gidan ubana ban taɓa jan ruwa ba. A garin mijina ma maza ke ja, da bijimi, mu mata mu kai tulu. Amma na sha ganin yadda ake awon igiya: mutum ya buɗe hannuwansa biyu iyakar buɗewa, daga wannan yatsa zuwa wancan gaba ɗaya ke nan. Da hantsi matar Yaya ta shigo, muka warware igiyar a tsakar gida, na riƙa buɗe hannu ina ƙirgawa tana taya ni. Muna yi muna hira, yarinya na tsallake igiyar. Da na kai talatin sai na ƙara kamu biyu, na ce gyara ne, matar Yaya ta ce in dai rage son kai. Na ɗora a kan turmi na sa wuƙa na yanke. Na ƙulle bakin da kyau kada ya warware, na nannaɗe, na tura ƙasan mangala tare da guga, na jera sauran kaya a kai. Har daɗi na ji, an ba ni aikin maza na yi.

Ni guntuwa ce. Yanzu na ƙara tsukewa, amma ko a lokacin kaina bai wuce hammatarsa ba. Shi kuwa in zai shiga ɗaki sai ya sunkuya. Wallahi ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba, haka ita ma matar Yaya.

Ya dawo da la'asar a gajiye, tunkiyar ta tafi a wulaƙance. Ya duba ɗaurin mangala, ya ce, "Talatin?"

Na ce, "Har da gyara."

Bai sake tambaya ba.

Bayan asuba muka kama hanya. Ba na son tuna hanyar nan. Ƙasusuwan shanu fari fat a gefen turba, wasu da sauran fata a jiki. Mun wuce ruga biyu da muka saba tsayawa shan nono, ba kowa sai murhu da turaku. Ungulu suna zaune a kan gawo, ba sa ma tashi in mun zo. Inna, wadda ba ta rufe baki a hanya, ta koma jan carbi, sai can ta yi wa jaki faɗa da Fillanci. Da rana ta take muka fake a gindin aduwa, ya ba kowa ruwa da ludayi, ya jiƙa tsumma ya goge wa maraƙi hanci. Salkar ta yi rabi. Shanun rabonsu da ruwa tun jiya da yamma, su ma ba su ƙoshi ba, don layi ake yi a rijiyar gari. Ƙaramar saniyar sau biyu tana durƙushewa, sai ya kama wutsiya ya ɗaga ta.

Da la'asar sakaliya muka iso. Tun daga nesa dabbobin suka ji ƙanshin ruwa suka ƙara sauri, suka je suka kewaye komin da ke gefen rijiya, busasshe, suna lasar katakon. Rijiyar irin ta da ce, ta ƙasar rairayi. Daga sama har ƙasa an yi mata ɗauri da itatuwa, ana gicciya su ɗaya kan ɗaya don su tare yashi, a bakinta kuma an ɗora gungume babba wanda igiyoyi suka yi wa zane-zane. Ya jefa ɗan dutse, muka jira, muka ji ya faɗa ruwa. Ya ce alhamdu lillahi. Ya sauke kaya ya zaro igiya ya ɗaura guga ya fara saki.

Ya saki, ya saki, igiya ta ƙare a hannunsa. Ya durƙusa ya miƙa hannu cikin rijiyar har kafaɗa, ya girgiza. Guga na lilo a iska, ana jin ta tana bugun itace.

Ya janyo ta a bushe. Ya kama bakin igiyar ya buɗe hannuwansa.

A nan na gane. Ban taɓa lura da faɗin gabansa ba sai ranar. Na ga igiyar da ta shige tsakanin hannuwansa, na tuna wadda ta shige tsakanin nawa. Yana ƙirgawa a fili, ɗaya, biyu, uku. Ya kai goma sha huɗu. Abin da ya rage a ƙasa kowa ya kalla ya san ba zai kai sha shida ba. Sai ya daina. Ya tsaya da igiyar a hannu yana kallon wajen shanu. Ban san ko ya kalle ni ba, don kaina na ƙasa.

Inna ta ce, "Kai wannan, nawa ka samu?"

Ya ce, "Ruwan ne ya gudu ƙasa, Inna. Bana komai gudu yake."

Ya sauke hannu ya fara nannaɗe igiyar. Ko ya gane ya rufa mini asiri ne a gaban uwarsa, ko kuwa da gaske ya ɗauka ruwa ne ya ja baya ya ga ƙirgar ba ta da amfani, wannan shi ne abin da ban sani ba.

Muka tattaro duk abin da ake ƙullawa. Igiyar ɗaurin mangala, dabaibayin jaki, igiyar hancin takarkari, rawaninsa. Ya haɗa su ya ja kowane ƙulli da ƙafa da hannu. Ya sake saki, wannan karon muka ji guga ta sha ruwa, Inna har ta fara yi masa kirari. Ya ja kamar gaba uku. Sai igiyar ta yi sakayau a hannunsa, ya yi baya kamar zai faɗi, muka ji ƙarar faɗuwa can ƙasa. Igiyar mangala ce ta tsinke, da ma ta tsufa. Ta tafi da guga da rawani da komai.

Saniyar babba ta yi wani kuka mai kaushi.

Na kwance ƙullin kayana na ciro zanena na canji na miƙa masa. Ya tsaga shi siri-siri, Inna ta ba da mayafinta shi ma aka tsaga, aka ƙulla a bakin igiya aka ɗaura buta. Tsumman ba zai ɗauki nauyi ba, sai rabin buta yake fitowa, shi ma da lallami. Kafin magariba mun samu abin sha da na dama fura, ya zuba wa maraƙi kaɗan a ƙwarya. A ja na shida tsumman ya maƙale a itace ya yage, muka tsira da butar da ƙyar. Ya ce a bari haka.

Muka yi salla. Ban kafa murhu ba, ba wanda ya nemi tuwo. Shanun ba su je kiwo ba, suna tsaye a kan komi, in na motsa sai su juyo su bi ni da ido. Inna ta ɗauki yarinya ta koma gindin aduwa. Na matsa kusa da shi yana zaune yana murza sabuwar igiyar yana duba ta taku-taku.

Na ce, "Malam, mu koma gida da asuba."

Ya ce, "Mu za mu kai. Su fa?" Ya nuna shanun da haɓa. "Ƙaramar ko rabin hanya ba za ta yi ba. In na tafi ni kaɗai neman igiya, kwana biyu ne. In dawo in tarar da me?"

"To ya za a yi?"

"Guga zan ɗauko."

Na ce masa itatuwan sun tsufa. Ya ce yana saurayi ya shiga rijiyar nan sau biyu don yasar ta. Na ce lokacin yana saurayi ne. Ya ce, "Au, yanzu tsoho kike aure? Ba ki faɗa mini ba." Yana so in yi dariya. Maganar tana bakina, na buɗe baki in ce da hannuna na auna, sai na fasa. Tsoro nake ji. Ba tsoron duka ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Tsoron Inna ta ji, tsoron a koma gari a ce matar wane ce ta kashe musu sauran shanu. Na ce a raina in ya fito gobe, in dabbobi sun sha, zan faɗa masa muna mu biyu, ya yi mini dariya ya ce guntuwa.

Da gari ya waye ya yi salla ya daɗe a zaune. Ya tuɓe riga ya ba ni, ya naɗe wando. Ya ɗaure igiyar a gungume, ya rataya a kanta da duk nauyinsa ya gwada. Ya nuna mini inda zan tsaya da yadda zan ja, in goga igiyar a kan gungume kada ta ci mini hannu. Inna ta juya wa rijiyar baya. Ɗanta na fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna tana jin tsoro a kansa. Amma ina jin carbinta daga inda nake.

Ya yi bismilla ya zura ƙafa. Na ga kansa yana ƙanƙancewa, na ga farin tafin hannunsa, daga nan ban ƙara ganin komai ba sai igiya tana rawa. Can muryarsa ta taso, ta canza, kamar daga cikin tulu.

"Igiya ta ƙare. Zan bi itace."

Igiyar ta saki. Daga nan ba abin da ke riƙe da shi sai yatsunsa da itatuwan da kakansa ya jera. Na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar ina sauraro. Ina jin numfashinsa, ina jin ɓawon itace na faɗawa ruwa. Na karanta duk abin da na iya, na ƙare na sake.

"Na same ta. Ruwa har ƙugu, mai sanyi. Ki ce wa Inna ta zo wanka."

Inna ta ce, ba ta juyo ba, "Ce masa ya fito ya daina shirme."

Ya ce ba zai ƙara yarda da ruɓaɓɓiyar igiyar can ba. Zai cika guga ya hau da ita a kafaɗa har inda tamu ta tsaya, ya ɗaura, in ja, in shanu sun sha mu san abin yi. Haka aka yi. Ya ce ja, na ja. Abin da ya fi tsorata ni shi ne duk lokacin da nake ja, igiyar tana wurina a sama, shi yana ƙasa ba komai. Sai in riƙa sauri har fatar hannuna ta saɓule. In juye a komi, shanu su yi kansa suna ture juna, in ruga in mayar. Guga ɗaya, biyu, uku. Ƙaramar saniyar ta sha har cikinta ya ɗaga. Na leƙa na ce ya isa haka, ya fito. Ya ce saura takarkari da jaki, da salka.

Na saki guga ta huɗu. Yarinya ta sulale daga wurin Inna ta zo ta kama zanena tana leƙe, tana kiran Baba don ta ji rijiya ta maimaita. A lokacin na fara jin wata ƙara siririya, kamar ana zuba gero daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Ba ta tsayawa. Hawa da saukar da ya yi ya motsa itatuwan, yashin da ke bayansu ya samu hanya. Na ji wani itace ya yi ƙara, na ji ƙasar da na durƙusa a kai tana motsi a hankali ƙarƙashin gwiwata.

Abin da ya biyo baya ba ni da shi a jere. Na san na tsinci kaina can wajen komi da yarinya a ƙirjina, inda nake durƙushe ɗazu kuma ya zama rami, gungumen ya karkata ya shige. Na san Inna ta kira sunansa, sau ɗaya, ranar na fara jinsa a bakinta. Na san na yi gudu ba takalmi har na samu wasu masu yankan kaba, suka tara mutane. Kwana uku ana haƙa, in an kwashe yashi wani ya gangaro, har ya kusa binne mutum biyu. Liman ya ce a bari. A bakin ramin aka yi masa salla.

Inna ta rayu shekara shida bayan haka a ɗakina, ni na yi jinyarta, ban faɗa mata ba. Matar Yaya ma ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta rasu, ni ma ban tayar ba. Yarinyar nan ita ce uwar mai rubutun nan, ita ma sai yau za ta ji.

Kafin ƙasar ta tafi ya yi magana. Igiyar tana nan a rataye, tana kusa da shi, ban san ko ya kai gare ta ba. Na ƙwalla masa kira na ce ya kama, zan ja shi, ni da nake kamar kaza. Muryarsa ta taso ba gaggawa a cikinta, irin wadda yake yi wa dabba in ba ya so ta firgita.

"Saki igiyar nan. Ɗauki yarinyar ki ja da baya. Ki yi ta tafiya, kada ki tsaya sai kin kai wurin shanu."